Mota ta koma shan mai, maigida ya ce yaron da ke jan ta ne yake zuƙewa

Assalamu alaikum Malam. Don Allah shawara nake nema. Ina da Corolla 2006 otomatik, 'yar Kwatano, shekara huɗu tana hannuna ba ta taɓa ba ni ciwon kai ba. Ɗan yayata marigayiya da nake riƙo tun yana firamare shi yake jan ta, ya kai yara makaranta ya sauke ni wurin aiki, da yamma kuma Islamiyya. Da in na cika tanki sai mu yi kwana goma, yanzu shida ma da ƙyar, kuma abin bai fi wata guda da farawa ba. Maigida ya ce ba wani abu, yaron ne ya fara zuƙar mai yana kai wa 'yan bumburutu, in karɓe makulli kawai. Ni zuciyata ta ƙi yarda amma ba ni da hujja. Motar dai lafiyarta ƙalau, ko watan jiya da ta yi zafi a hanyar Zariya an kai ta gareji an gyara, tun daga ranar allurar zafi tana can ƙasa ba ta hawa, fanka ma da an murɗa makulli take tashi, bakaniken ya ce ta daina zafi ke nan har abada. Kuma babu wata wuta da ta kama a dashbod. In karɓe makullin ne ko yaya zan yi?

Wata baiwar Allah, daga Kano

Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah Ya jiƙan yayarki, Ya ba ki ladan riƙon maraya. Makullin nan kar ki karɓa tukuna, ki ba ni sati biyu kawai. Ban ce yaron ba zai iya ba, ban san shi ba, ɗan Adam ne, amma kin ce motar lafiyarta ƙalau sannan a layin da ke biye kin zayyano min ciwonta da bakinki ba ki sani ba. Mota ta yi zafi, an kai ta gareji, ta dawo allura ba ta hawa, fanka na tashi tun kafin injin ya kama, kuma a daidai wannan watan ne mai ya daina auki. Ni da na karanta wurin nan ban ma tuna da yaron ba, garejin na tuna.

Ga abin da nake kyautata zaton an yi wa motarki. Akwai wani ɗan ƙarfe a hanyar ruwan injin, girmansa bai wuce tafin hannun yaro ba, ana ce masa tamostat. Aikinsa ya tare ruwa kar ya tafi lagireto sai injin ya ɗau zafin da kamfani ya tsara, a irin injin ɗinki wajen digiri 82 yake fara buɗewa, daga nan ya riƙa buɗewa yana rufewa yana riƙe zafin a wuri ɗaya. To da yawa daga cikin kanikawanmu in aka kawo musu mota ta yi zafi abu biyu suke yi, su cire wannan ƙarfen su jefar, sannan su kira rewaya ya haɗa fanka kai tsaye da makulli ta yi ta juyawa ba tsayawa. Mai mota ya ga allura ta kwanta ya yi ta sa albarka, alhali abin da ya kawo zafin yana nan ba a taɓa shi ba, an dai rufe masa baki.

Za ki ce to in injin ya yi sanyi ba shi ke nan ba, me ya haɗa shi da mai? Ai nan ne gizo ke saƙar. Motarki ƙwaƙwalwa ce da ita, ita ke auna man da za a fesa wa injin kowane daƙiƙa, kuma cikin abubuwan da take tambaya kafin ta auna akwai zafin ruwa. Fetur ba ya ƙonewa da kyau a injin mai sanyi, saboda haka da safe in an tayar da mota ƙwaƙwalwar da gangan take ƙara mai, shi ya sa kike jin ƙarar injin ta ɗan hau na 'yan mintuna kafin ta sauka. Da zafi ya kai inda ake so sai ta koma awo na ƙa'ida, iska kashi 14.7 mai kashi 1, tana sauraron sensar da ke jikin salansa tana gyara awon. In an hana injin yin zafi kuwa, ita a wurinta kullum safiya ce. Kamar janareta ne da aka ja masa cok aka tayar aka manta ba a mayar ba, zai yi aiki, wuta za ta kawo, amma ki duba hayaƙinsa ki duba tankinsa.

Kuma akwai na biyu da mutane ba su cika sani ba, giyar otomatik ta irin waɗannan Toyota ɗin ba ta yarda ta shiga giyar ƙarshe sai ruwa ya ɗumama. Wato mota na iya hawa titi tana gudu a giya ta uku, injin na kuka yana shan mai, direba bai lura ba tunda ba shi ke canjawa ba. Sannan ki dubi irin zirga-zirgar gidanki, makaranta, ofis, Islamiyya, duk gajerun tafiye-tafiye ne na minti goma sha biyar ko ashirin, a kashe, a sake tayarwa. Ko mota mai lafiya irin wannan tafiyar ce ta fi cin mata mai, balle wadda fanka ke hura mata iska tun daga ƙofar gida. A tsakiyar rana cikin cunkoson Kano wataƙila ta ɗau zafi duk da haka, amma da sassafe, ko ranar ruwa, ko in hunturu ya shigo, sai a je a dawo ba ta kai ba.

Sai dai kar in cika miki baki. Cire tamostat shi kaɗai yana ƙara shan mai, amma ya cinye kwana huɗu cikin goma, wannan ya yi yawa, ina zargin akwai wani abu da ya taya shi. Kuma shi ma a ranar garejin nan zan fara nemansa. Sensar zafin ruwa, in soket ɗinta ya yi tsatsa ko an ja wayar ta tsinke rabi, sai ta riƙa gaya wa ƙwaƙwalwa ƙarya, in ma an zare ta gaba ɗaya motoci da yawa da kansu suke sakin fanka ta yi ta juyawa don kare injin, kin ga ke nan ba lallai ma rewaya ne ya haɗa ba. Haka sensar iskar salansa, in zafin nan ya taɓa gaskit ɗin kan injin ruwa ya fara shiga wurin ƙonewa, tururin yana kashe ta a hankali, ita kuwa in ta mutu ko ta yi nauyin ji to awo ya lalace. Sai kuma indomi, wannan abu mai raga-raga da ke cikin tukunyar salansa yana tace hayaƙi. Akwai ƙarafa masu tsada a jikinsa, filatinam da ire-irensa, shi ya sa ake sayensa da daraja kuma shi ya sa yake ɓata in mota ta kwana a wurin da ba amana. Ban ce bakanikenki ya taɓa ba. Amma ki saurari motar, in ƙarar salansa ta canja ta ƙara kauri ko tana wani karkarwa kamar gwangwani, ko hayaƙin ya koma yana hawa kai, a ɗaga ta a duba ko akwai sabuwar walda. Cire indomi shi kaɗai ba ya ninka shan mai yadda ake yayatawa, matsalar ita ce masu cirewar sukan lalata sensa ko su bar ƙofa a wurin walda iska na shiga, sensa ta ɗauka mai ya yi kaɗan, ƙwaƙwalwa ta ƙara.

Maganar babu wuta a dashbod kuma, yi wannan gobe da safe, ba ya cin ko sisi. Ki murɗa makulli har fitilun dashbod su kawo amma kar ki tayar. A cikinsu dole ki ga wata 'yar ruwan ɗorawa mai siffar injin, ko an rubuta CHECK. Ita ƙa'idarta ta kama a lokacin, in injin ya tashi ta mutu. In kin duba ba ki gan ta ba sam, to ba lafiya ce ta sa ba ta kamawa ba, an cire ƙwan ne ko an liƙe shi da baƙin salatif ta ciki, kuma wannan tsohuwar dabara ce ta wasu dillalan motoci, tana iya yiwuwa tun kafin motar ta zo hannunki haka take.

To yanzu hujjar da kika ce ba ki da ita. Hajiya kwana ba ma'aunin mai ba ne, naira ma ba ma'auni ba ce. Tun 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafi, litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000, daga nan kuma yau ta sauka gobe ta hau, wanda yake cewa da na dubu ashirin yana yi min sati yanzu ba ya yi bai faɗi komai a kan motarsa ba. Ke kin ɗan fi su tunda cika tanki kike, amma kwana goman nan kilomita nawa ne a ciki? Ba ki sani ba, Alhaji ma bai sani ba. Ma'auni ɗaya ne, kilomita nawa lita ɗaya ke kai ki.

Yadda za ki yi, ki je gidan man da kika saba da kanki, a cika tanki har bindigar ta yi ƙas ta tsaya da kanta, kar a ƙara, kar a jijjiga mota wai a danna. Kafin ki bar wurin ki danna ɗan tsinken da ke jikin gilashin mita har ki ga TRIP A, ki riƙe shi ya koma sifili. A ci gaba da harka yadda aka saba. Bayan kwana biyar ko shida ki koma wannan gidan man, in da hali wannan famfon, a sake cikawa har ta yi ƙas. Litar da ta shiga ita ce abin da aka ƙona. Ki raba kilomitar da ke TRIP A da wannan litar. Misali an yi kilomita 240 ta sha lita 24, kin ga 10 ke nan a kowace lita. Ki lura da abu ɗaya, in motar 'yar Amurka ce mitarta mil take ƙirgawa ba kilomita ba, sai ki ninka da 1.6 tukuna, mutane da yawa a nan suke ruɗewa su ɗauka motarsu ta lalace. Corolla irin taki mai lafiya, a cikin gari da esi da cunkoso, 9 zuwa 11 ba laifi, a doguwar hanya kamar Kano zuwa Kaduna tana iya ba da 14 ko sama. In kika ga 6 ko 7 to lallai akwai inda man ke tafiya.

Kuma wannan lissafin shi zai raba gardamar gidanki ba tare da an kira kowa ɓarawo ba. Ki riƙa rubuta lambar mita kullum da dare, a ɗan littafi ko ki ɗauka da waya. In lita tana ba da 10 yadda ya kamata amma kilomitar sati ta kusa ninkawa, mota ba ta da laifi kuma ba a zuƙi komai ba, yawo ake yi da ita, ko dai yaron yana ɗan zagawa wurin abokai ko yana ɗaukar fasinja, ko kuma, ki bincika da kyau, aiken gidan ne ya ƙaru ba ku lura ba, an canja wa yaro makaranta, ana biki a dangi, ana gyaran wata hanya ana zagaye. In kuwa kilomita tana nan yadda take amma lita ta faɗi, sai a yi zagaye na biyu, Alhaji ko ke wani ya riƙe motar na tanki guda, hanya ɗaya lokaci ɗaya. Ta sha a hannun Alhaji kamar yadda ta sha a hannun yaro, magana ta ƙare, sai gareji. In ta gyaru a hannun Alhaji, to nan ne za a zauna da yaro, kuma ko a nan ɗin ma ba sata ce farkon abin tambaya ba. Ki tambaye shi in ya je ɗauko yara ina yake jira. Matasan nan sai su iso ƙofar makaranta da rabin awa ko fiye, su ɗage gilas su kunna esi su kama waya, injin na aiki mita ba ta motsi. Injin irin naki a tsaye da esi yana shan abin da ya kusa lita ɗaya a awa, a yi haka a boko a yi a Islamiyya a yi a ƙofar ofis ɗinki, ki lissafa na sati ki gani. Ga taka totur kamar ana kora, a fizga a taka birki a fizga. Duk wannan gyaran hali ne da magana ɗaya ke yi.

Ni a ganina ma wanda zai cuci mai mota a yau ba ta tiyo ya fi yi ba, a ba shi kuɗin lita talatin ya sha ashirin ya fi sauƙi kuma ba ya barin wari a hannu. Tunda kin ce ke kike cikawa, wannan ƙofar a rufe take. In kuma wani lokaci shi kike aika, daga yau ki riƙa zuwa ko ki ce ya ɗauko hoton famfon.

Gidan mai ma kar ki wanke su gaba ɗaya. Akwai masu taɓa famfo lita ta zama ba lita ba, hukumar NMDPRA mai sa ido kan harkar man fetur tana rufe irinsu lokaci zuwa lokaci, akwai kuma ma'aikacin da ba ya mayar da mita sifili in ya ga hankalinki na kan waya. Amma wannan kuɗinki yake ci, ba ya rage kwanakin tankin da aka cika har ya yi ƙas. Wanda zai iya rage su shi ne gurɓataccen mai, kin tuna na farkon 2022 da aka shigo da shi da sinadarin metanol fiye da ƙima ya lalata motocin mutane a Legas da Abuja. In a watan nan an taɓa shan na galan a bakin titi, ki sa shi cikin lissafi.

Kafin a je wurin mai na'urar sikanin mota, akwai abubuwan da za ku duba a gida ke da yaron, ki sa shi a ciki, shi ya fi kowa sanin motar. Ku shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta da dare, da safe ku duba ku shinshina. In akwai warin fetur a jikin kwalin ko a kujerar baya, inda famfon mai yake a ƙarƙashi, ko cikin bonet, kar a sake ɗaukar yara a cikinta sai an gyara, wannan ya wuce maganar kuɗi, gobara ce. Ku zaro ƙarfen duba baƙin mai, in yana warin fetur ko ya haura alamar sama alhali ba a ƙara ba, wata nozil, cikin masu fesa wa injin mai, tana ɗiga a cikin injin, kuma man ya tsinke sai an yi juye bayan gyara. In kuma ya koma kalar shayi da madara, ruwa ne ya shiga, gaskit ya tafi, a ajiye motar. Ku sa yatsa a bakin salansa tana sanyi, ɗan baƙi-baƙi ba komai, amma in kunkunniya ce busasshiya mai kauri ta cika yatsa to man yana fita bai ƙone ba. Bayan an ɗan yi tafiya a tsaya a kai hannu kusa da kowane wili, kusa na ce kar a taɓa, in ɗaya ya fi sauran zafi sosai birkinsa yana kamewa, motar tana jan kanta ne da birki a take. A duba ko fitilar O/D OFF tana kunne, wani ɗan maɓalli ne a jikin hannun giya da gwiwa ko yaro ke iya dannawa, in yana kunne giyar ƙarshe ba za ta shiga ba ko injin ya yi zafi. Taya kuma a bi lambar da ke rubuce a jikin ginshiƙin ƙofar direba, a irin taki wajen 30 ne, ba abin da mai faci ya ga dama ba. Ƙarancin iska yana ƙara shan mai amma kaɗan ne, kar wani ya ce miki shi ne ya ci kwana huɗu.

Sai sikanin. Duk motar da aka yi don kasuwar Amurka daga 1996, ko ta Turai mai fetur daga 2001, tana da wani soket a ƙasan sitiyari da ake jona na'ura, taki tana ciki. Ki nemi mai na'urar da ya san aikinsa, ba wanda zai jona ya goge ya ce an gama ba. Ki ce kar ya goge komai sai ya rubuta miki lambobin a takarda. P0128 tana nufin injin ba ya kai zafin da ya kamata, wato tamostat. P0115 zuwa P0118 sensar zafin ruwa ce. P0172 mai ya yi yawa, P0171 iska ta yi yawa ko ana ganin kamar ta yi, P0300 zuwa P0304 wani fulogi ko koyil ba ya ba da wuta daidai, P0420 indomi. Amma abin da na fi so ya nuna miki ba lamba ba ne, ki ce ya buɗe inda ake ganin zafin ruwa kai tsaye, da safe kafin a tayar ya kamata ya yi daidai da zafin gari, in gari na 28 ita tana cewa 5 to sensa ƙarya take. Sannan a zaga da motar minti ashirin na'urar na jone, ya kamata ya hau 85 zuwa 95 ya zauna. In yana yawo a 55 ko 65 kin kama ɓarawonki. Ya kuma duba adadin gyaran da ƙwaƙwalwa ke yi wa awon mai, in ya wuce kashi 10 sama ko ƙasa akwai abin bi.

Gyaran, a sayi tamostat na asali a mayar, a warware haɗin fanka a mayar da ita kan rile ɗinta ta riƙa tashi tana tsayawa da kanta. Bakanike zai ce miki wannan na ƙasar Turawa ne, mu nan zafi gare mu. Ki ce masa motocin da Toyota ke sayarwa a Saudiyya da Dubai da tamostat ɗinsu suke zuwa, kuma taki ta yi shekara huɗu a Kano da shi ba ta yi zafi ba sai watan jiya. Wato wani abu ne ya lalace a watan jiyan, shi za a nemo, in ba haka ba ana mayarwa zafin zai dawo ya ce ai na gaya miki. Ko tamostat ɗin ne kansa ya tsufa ya kame a rufe, wanda sabo zai magance, ko lagireto ya toshe da tsatsa, ko murfinsa ya saki, ko famfon ruwa, ko fankar ce da ma ta daina tashi saboda rile ko fis, ko akwai inda ruwa ke zuba. In ruwan rijiya ko na burtsatse ake zuba mata a daina, shi ke cinye lagireto ta ciki, a wanke a zuba ruwan kulan mai kala. Kuma ki gargaɗi yaron, murfin lagireto ba a buɗe shi injin na da zafi, mutane sun ƙone fuska a kan haka.

Abin da ba na so ki yi shi ne ki shiga gareji ki ce mota na shan mai a duba. Wannan kalmar tsada gare ta, za a ce sabis ɗin nozil, a canja fulogi, a canja famfon mai, a canja sensa biyu, ki kashe kuɗi masu yawa kuma ko ta gyaru ba ki san wanne ne ya gyara ta ba. Abu ɗaya a lokaci ɗaya, a gyara, a cika tanki, a auna. In an zo kan fulogi a sa irin wanda kamfani ya rubuta, Denso ko NGK, kuma a yi hattara don jabunsu sun cika kasuwa, kwali ɗaya tambari ɗaya, a Kofar Ruwa ma sai kin je da wanda ya san hannu. Sensar iskar shiga da ke bayan matatar iska ƙurar mu tana damunta, ana wanke ta da feshinta na musamman, ba da fetur ba, ba a kuma taɓa siririyar wayar da ke ciki. Baƙin mai a bi abin da ke rubuce a murfi, 5W-30, ba mai kaurin nan da ake zuba wa kowace mota ba. Su kuma ƙwayoyin da ake jefawa a tanki da na'urorin da ake tallatawa a Facebook wai suna rage shan mai da rabi, ki riƙe kuɗinki.

Shi Alhaji kar ki ce masa ya yi kuskure, bai yi hauka ba, mai ya yi tsada kuma irin abin da yake tsoro yana faruwa a gidaje. Ki ce masa kin nemi shawara an ce a gwada motar tukuna, kuma kina so shi ya riƙe ta na tanki guda don shi ne zai fi gane ta. Ki nuna masa allurar nan, ki ce ya tuna inda take tsayawa a da, kusa da tsakiya, ya dubi inda take yanzu. Namiji in ya gani da idonsa ya fi saurin saukowa a kan a gaya masa. Yaron kuma kar ya ji cewa an taɓa zarginsa, ki ce masa ana binciken mota ne, ki ba shi littafin ya riƙa rubuta mita da hannunsa kina dubawa. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, balle a kan yaron da ba shi da uwar da zai kai wa kuka, in aka karɓe makulli yau aka gano tamostat ne jibi, makullin zai koma hannunsa amma maganar ba za ta fita daga ransa ba, kuma dangi za su ji.

In kin koma garejin farko, ki tambaye shi kai tsaye cikin girmamawa me da me ya cire a ranar, ki ce ya ba ki tsohon in yana nan. Amma aikin mayarwar ki kai wani wurin, wanda ya yarda cewa cirewar ita ce gyara ba zai mayar da zuciya ɗaya ba. In an yi sikanin ki turo min lambobin da zafin da na'urar ta nuna da lissafin tanki biyun, sai mu ga ko akwai sauran abin bi.